Jemagen Bagadaza

Wata ranar Laraba da dare, muna tsakiyar shirin da muke buɗe wa masu sauraro layi, wani dattijo ya kira. Muryarsa a natse take, irin ta wanda ya gama fushinsa tun tuni. Ya ce, "Malam, ni tambaya gare ni." Na ce, "Bismilla, Baba." Ya ce wata huɗu ya yi yana kai tsakuwa da yashi da tifofinsa biyu wurin wani aiki da sojojin wata ƙasar waje suka ba da kuɗinsa. Ba da sojojin ya yi ciniki ba, da wani kamfani ne da ya karɓi aikin daga hannun wani kamfanin. An biya shi rabi. Sojoji sun tashi, kamfani ya rufe ofis, lambar da yake kira ta daina shiga. Sai ya ce, "To wace kotu zan je?"

Na ba shi amsar da muke bayarwa idan an ƙure mu: ya nemi lauya. Ya yi godiya ya kashe waya. Ni kuwa tambayar ta bi ni har gida. Mu a Nijar mun ga zuwan sojojin waje, mun kuma ga tafiyarsu. Na Faransa sun gama ficewa a Disamban 2023, na Amurka a Satumban 2024. Amma inda aka fi jan wannan tambaya a gaban alƙalai, shekara da shekaru, shi ne Iraƙi, sai Afganistan a bayanta. Labarin can bai biya dattijon nan kuɗinsa ba. Ya dai nuna mini yadda ake ɗaure irin wannan ƙulli.

Bagadaza ta faɗi ranar 9 ga Afrilun 2003. Gwamnatin Saddam ta watse, ba minista, ba gwamna, ba mai biyan albashi. Abin da ya maye gurbinta shi ne hukumar riƙon ƙwarya ta ƙasashen ƙawance, wadda aka fi sani da CPA. A watan Mayu Paul Bremer ya sauka ya karɓi ragamarta, kuma dokarsa ta farko ta tara wa hukumar ikon zartarwa da na yin doka da na shari'a a hannu ɗaya. Tana sa hannu a kwangiloli kamar kowace gwamnati: gyaran wuta, ruwan sha, ofisoshin ƴan sanda, gadin filin jirgin sama.

Sai dai wa ya kafa ta? Janar Tommy Franks ya ambaci sunanta a saƙonsa ga mutanen Iraƙi ranar 16 ga Afrilu. Amurka da Birtaniya sun sanar da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya da ita a wasiƙar 8 ga Mayu. Kwamitin, a ƙudurinsa mai lamba 1483 na 22 ga Mayu, ya amince cewa akwai hukumar da ke riƙe da ƙasar, amma ba shi ya haife ta ba. Bremer kansa Shugaba Bush ne ya naɗa shi, sakataren tsaron Amurka yake kai wa rahoto, alhali a ofisoshinsa akwai ƴan Birtaniya da ƴan Ostareliya da wasunsu. Da masu bincike na majalisar dokokin Amurka suka zauna su tantance ko hukumar gwamnatin Amurka ce ko ta ƙasa da ƙasa, sai suka rubuta cewa babu wata takarda ɗaya da ta fayyace. Jemage ke nan. Ga fiffike, ga haƙora; tsuntsaye su ce ba nasu ba ne, dabbobi su ce ba nasu ba ne.

Kuɗin da take kashewa ma ba daga tukunya ɗaya suke ba. Akwai dukiyar Iraƙi da ke ajiye a bankunan Amurka, wadda Bush ya ƙwace ya mayar baitulmalin ƙasarsa ranar da aka fara yaƙin. Akwai tsabar kuɗi da sojoji suka tsinta a cikin Iraƙi. A unguwar fadar Saddam kaɗai an samu kimanin dala miliyan 650 a ɓoye cikin akwatuna. (Ga ƴan uwana na gida da muke kiran sefa biyar dala, dalar Amurka nake nufi har ƙarshen rubutun nan.) Akwai asusun raya Iraƙi da ƙuduri na 1483 ya tanada, inda ake zuba kashi 95 cikin ɗari na kuɗin man fetur, sauran kashi 5 su tafi biyan diyyar mamayar Kuwait. Sannan akwai kuɗin harajin Amurkawa, musamman dala biliyan 18.4 da majalisarsu ta ware a Nuwamban 2003. Daga asusun na Iraƙi aka riƙa loda tsabar kuɗi a jiragen soja daga New York zuwa Bagadaza, kusan dala biliyan 12 cikin shekara ɗaya da ƴan kai, nauyinsu tan 363. Ɗan kwangilar da aka miƙa wa damin takardun dala ɗari-ɗari a leda ba ya tambayar daga wace tukunya aka ɗebo. Alƙali kuwa, daga baya, wannan ce tambayarsa ta farko.

Dalili shi ne, ba a kai gwamnatin Amurka ƙara sai ta ƙofar da ita da kanta ta buɗe. Ƙofar ƴan kwangila doka ce ta 1978. Mai ƙorafi zai rubuta wa jami'in da ke kula da kwangilarsa, jami'in ya yanke hukunci. Idan bai gamsu ba, yana da kwana 90 ya kai kuka gaban kwamitin sauraron ƙararrakin kwangilolin soja da ke zama a Falls Church, jihar Virginia, ko wata 12 ya shigar da ƙara a kotun da ke duba bashin da ake bin gwamnatin tarayya a Washington. Amma dokar ta ce kwangilar ta zama wadda wata hukumar zartarwa ta gwamnatin Amurka ta ƙulla. A kan wannan ƴar jimla aka yi ta kai ruwa rana.

Shari'ar da ta fara tona asirin lamarin ba ta ɗan kwangilar da aka cuta ba ce, ta ɗan kwangilar da aka zarga da cuta ce. Kamfanin Custer Battles, na wasu tsofaffin sojoji biyu, Scott Custer da Mike Battles, ya samu aikin kafa sansanoni a Bagadaza da Mosul da Basra domin canjin kuɗi, lokacin da aka janye dinari mai hoton Saddam daga Oktoban 2003 zuwa Janairun 2004. Bayan wani taro da jami'an hukumar, sai aka tsinci wata takarda da mutanen kamfanin suka manta. Layi ɗaya na nuna abin da suka kashe a zahiri, ɗaya na nuna abin da suka rubuta a biya su. Injinan wuta na dala 74,000 an rubuta su dala 400,000. Ko ɗan kamasho na tasha ya ga wannan riba sai ya riƙe baki.

Wasu da suka yi aiki da kamfanin, Robert Isakson da William Baldwin, suka kai ƙara a ƙarƙashin wata tsohuwar doka ta 1863, wadda aka yi zamanin Lincoln domin masu sayar wa soja ruɓaɓɓen kaya a yaƙin basasa. Dokar ta ba kowa damar ya yi ƙara a madadin gwamnati, a ninka wa mai laifi asarar sau uku, mai tonon asiri ya samu rabonsa. Gwamnatin Bush ta ƙi shiga shari'ar. Lauyoyin kamfanin kuwa ba su tsaya a kan farashin injin wuta kaɗai ba. Suka ce dokar ta hana damfarar gwamnatin Amurka ne, CPA kuma ba gwamnatin Amurka ba ce, kuɗin ma na Iraƙi ne.

Alƙali T. S. Ellis na kotun tarayya da ke Alexandria ya zauna ya rarrabe tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kuɗin da aka ƙwace da waɗanda aka tsinta suna cikin hurumin dokar, na asusun raya Iraƙi ba sa ciki. Da haka shari'ar canjin kuɗin ta tsuke zuwa kafin alƙalami na dala miliyan 3. A Maris na 2006 masu taya alƙali yanke hukunci suka sami kamfanin da laifi, tarar ta kai kimanin dala miliyan 10. A Agustan shekarar alƙalin da kansa ya soke hukuncin. Bai ce takardar da aka manta ƙarya ce ba. Cewa ya yi ba a tabbatar an miƙa takardun neman biyan ga jami'in gwamnatin Amurka ba, domin waɗanda suka karɓa, ko da Amurkawa ne masu cin albashin Amurka, a lokacin rigar CPA suke sanye da ita.

Na daɗe ina juya wannan magana. Mutum ɗaya, kaki ɗaya, albashi ɗaya, amma da ya zauna a wannan kujera sai ya zama ba na ƙasarsa ba. Kotun ɗaukaka ƙara da ke Richmond ita ma ba ta haɗiye ta ba. A Afrilun 2009 ta rushe wannan ɓangare na hukuncin, ta ce jami'an da aka tura aro ga hukumar ba su daina zama jami'an Amurka ba. Wata ɗaya bayan haka majalisar dokoki ta gyara dokar ta yadda za ta hau kan kuɗin da ke hannun gwamnati ko da ba mallakarta ba ne. An toshe ramin bayan shekara biyar da rufe hukumar.

To a juya kwaryar. Idan ɗan kwangila ne ke bin bashi fa?

Ranar 28 ga Yunin 2004, kwana biyu kafin wa'adin da aka sanar, Bremer ya miƙa mulki ga gwamnatin wucin gadi ta Iyad Allawi, ya hau jirgi. CPA ta mutu a ranar. Kwangilolinta da ke kan asusun raya Iraƙi aka ce sun koma wuyan sabuwar gwamnati. Sai ministan kuɗin Iraƙi ya juyo ya wakilta wani ofishin Amurkawa ya ci gaba da kula masa da su. A ido babu abin da ya sauya: jami'an jiya su ne na yau, su ke ba da umarni, su ke duba aiki, su ke sa hannu. A takarda kuwa mai aikin ya zama Iraƙi.

Kamfanin Laudes, wanda ya karɓi aiki a makarantar horar da ƴan sanda ta Bagadaza ana dab da rufe hukumar, ya je kotun Washington neman cikon kuɗinsa, aka ce masa wannan kwangila ta koma hannun Iraƙi, Amurka ba ta gaje ta ba. Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na kamfanin Agility na Kuwait. A Yunin 2004 hukumar ta ba shi kwangilar tafiyar da manyan rumbunan da ake sauke kayan sake gina ƙasar. Yawancin ayyukan da aka umarce shi da su bayan mutuwar hukumar aka bayar, jami'an Amurka suka bayar, da kuɗin harajin Amurka aka biya. Da rikicin lissafi ya tashi, kamfanin ya tafi Falls Church. Kwamitin ya ce ba shi da hurumi. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka: uwar kwangilar CPA ce ta ƙulla ta, CPA ba hukumar zartarwa ta Amurka ba ce, magajinta kuma Iraƙi ne.

Shi ke nan? A'a. Gwamnatin da ta ce ba ta cikin cinikin ta ce an biya kamfanin fiye da ƙima a cinikin, ta riƙe masa miliyoyin daloli daga wata kwangila dabam da ke tsakaninsu. A 2020 kotun ɗaukaka ƙarar ta yarda cewa Amurka na da ikon bin kuɗinta tun da daga baitulmalinta suka fito, ta mayar da shari'ar ƙasa a duba ko da gaske an biya fiye da ƙima. Wato wajen karɓa tana nan, wajen amsa ƙara a kan kwangilar ba ta nan. Lauya zai iya zaunar da kai ya nuna maka cewa kowane hukunci a kan ƙa'ida yake, kuma ba zan ce ya yi ƙarya ba. Ni dai a kasuwarmu, wanda ya ce ba shi ya yi ciniki ba, ba ya dawowa neman canji.

Mai karatu zai ce, to a je kotun Iraƙi mana, tun da a ƙasarta aka yi aikin. Nan ma akwai tarihi. Bremer ya fitar da umarni mai lamba 17 a 2003, ya sabunta shi ranar 27 ga Yunin 2004, kwana ɗaya kafin ya tafi. Umarnin ya cire ƴan kwangilar ƙasashen waje daga ƙarƙashin dokokin Iraƙi a kan abin da ya shafi sharuɗɗan kwangilarsu, ya kuma ba su rigar kariya daga kotunan ƙasar a kan abin da suka aikata cikin aikin. Duniya ta fi sanin umarnin ta dalilin dandalin Nisur, inda masu gadin kamfanin Blackwater suka kashe fararen hula 17 ranar 16 ga Satumban 2007, kotun Iraƙi kuma ba ta iya taɓa su ba. Kariyar ba ta faɗi ba sai 1 ga Janairun 2009, da sabuwar yarjejeniyar tsaro ta fara aiki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, umarnin da ya tsare mai bindiga shi ne kuma ya raba alƙalin Bagadaza da rikicin siminti da rodi.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a yankin. Zamanin Daular Usmaniyya, wadda Iraƙi ke ƙarƙashinta, Turawa ƴan kasuwa suna da gatan cewa ƙananan jakadunsu ne ke yi musu shari'a, gatan da ba a binne shi a Turkiyya ba sai da yarjejeniyar Lausanne ta 1923. Masar ta yi fama da kotunan haɗaka na baƙi da ƴan ƙasa daga 1876 zuwa 1949. A Iran, huɗubar da ta ja wa Ayatullah Khomeini korar ƙasa a 1964 a kan kariyar da aka ba sojojin Amurka ce. Ƴan siyasar Iraƙi sun san wannan tarihi sarai. Shi ya sa a 2011 tattaunawar barin wasu sojojin Amurka a ƙasar ta watse a kan batun wace kotu ce za ta yi musu shari'a.

Akwai ƙofa ɗaya da ta buɗu, kuma adalci ne in faɗe ta. Tun tsakiyar 2003 aka ba kwamandojin soja damar kashe kuɗi nan take a kan ƙananan ayyuka: rijiya, gyaran aji, share magudanar ruwa, ɗan guntun titi. Shirin, wanda ake kira CERP, da kuɗin Saddam da aka tsinta aka fara shi. A Nuwamban 2003 majalisa ta zuba masa dala miliyan 180 na Iraƙi da Afganistan, daga baya ya cinye biliyoyi. Sojojin ba su ɓoye manufarsa ba. Littafin jagoran da suka buga wa kwamandoji a 2009 kuɗi ya kira makami. Domin a yi sauri, an yarda a jingine yawancin ƙa'idojin sayen kaya na gwamnati, kuma waɗanda suka fi cin wannan kwangila ƴan ƙasa ne masu ƙaramin jari.

Da wani kamfanin gine-gine na Afganistan mai suna Latifi Shagiwall ya kai kuka Falls Church, lauyoyin gwamnati suka ce kwamitin ba shi da hurumi, wai aikin domin amfanin mutanen Afganistan aka yi shi, ba saye ba ne da gwamnatin Amurka ta yi wa kanta. A 2015 kwamitin ya ƙi wannan hujja, ya ce gwamnati na da nata amfanin kai tsaye a aikin. Gaskiya ce kuwa. Wanda ya kira kuɗinsa makami a fagen daga ba zai zo kotu ya kira su sadaka ba.

Sai dai ƙofar da ta buɗu a Virginia take. Mai shiga sai ya rubuta ƙorafinsa da Turanci, ya aika wa jami'in da ya dace, wanda sau da yawa an sauya shi an sauya magajinsa. Idan kuɗin sun haura dala 100,000 sai ya haɗa da shaidar tabbatarwa mai sa hannu bisa kalmomin da doka ta tsara. Idan ya wuce kwana 90 ɗin nan, kwamitin ba shi da ikon ƙara masa rana. Ka kwatanta wannan da mutumin da ke Kandahar, wanda ya karɓi aikin ta bakin tafinta.

A ganina ba wanda ya zauna a 2003 ya tsara wannan ruɗani da gangan. Gaggawa ce ta haife shi, da son a ce yaƙin na ƙawance ne ba na ƙasa ɗaya ba. Amma da aka ga amfaninsa a gaban alƙali, ba wanda ya yi saurin gyara shi. Babban mai binciken kuɗin sake gina Iraƙi, Stuart Bowen, ya faɗa a Janairun 2005 cewa dala biliyan 8.8 na asusun Iraƙi an miƙa su ga ma'aikatu ba tare da sa ido na ƙwarai ba. A rahotonsa na ƙarshe a 2013 ya ƙiyasta cewa aƙalla dala biliyan 8 cikin kusan 60 na Amurka sun tafi a banza. Kurkukun Khan Bani Sa'ad, da ya ci dala miliyan 40, kango aka bar shi. Ƙididdigar da ba ta shiga irin waɗannan rahotanni ita ce ta masu kai yashi.

Domin duk waɗanda na ambata, Laudes da Agility da Latifi, su ne suka sa hannu da hukuma. Wanda ke ƙarƙashinsu ba shi da ko wannan. Ƙa'idar kwamitin na Falls Church ita ce ba ya sauraron ɗan kwangila na biyu ko na uku da sunansa, sai idan babban ɗan kwangilar ya ɗauki ƙarar ya shigar masa. Idan kuwa babban ne ya cinye kuɗin, kura aka ce ta kai wa akuya ƙara. A cikin Amurka akwai dokar 1935 da ke tilasta wa mai babbar kwangilar ginin gwamnati ya ajiye jingina domin masu kawo kaya da leburori su samu inda za su kama. Dokar da kanta ta ba jami'in kwangila damar yafe wannan jingina idan a ƙasar waje za a yi aikin. Abin da ya rage wa mai tsakuwa shi ne kotun garinsu, a kan kamfanin da ya yi ciniki da shi, in kamfanin ya bar wani abu da za a iya kamawa.

Bayan mako uku dattijon ya sake kira, ba cikin shiri ba, a ofis. Ya ce ya ga lauya, lauya ya ce ya kawo takardar yarjejeniya. Na ce, "Baba, kana da ita?" Ya ce yana da littafin da ake rubuta sawun mota, kowane sawu da kwanan watansa, da sa hannun shugaban leburori a gefe. Na tambaye shi sunan kamfanin da ke kan littafin. Ya yi shiru, na ji yana buɗe shafuka. Can ya ce littafin nasa ne, a kanti ya saye shi, sunan da ke bangon nasa ne da na babban ɗansa.